MIƘA DA AMANAR JIKI: NASIHA GA SAMARIN MUSULMI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam, Ya haɗa masa gaɓa da gaɓa, Ya ba shi ikon tsayuwa da durƙusawa da sanya goshi a ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, na san da ka ga kan wannan magana za ka ce, haba malam, duk abubuwan da suka dami al'umma a rasa abin da za a yi wa'azi a kansa sai miƙa? Abin da kyanwa ke yi in ta tashi daga barci? To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Maganar miƙa ƙarama ce, amma tambayar da ke ƙarƙashinta babba ce, ita ce: jikin nan da kake yawo da shi na wane ne, kuma me zai biyo baya in ka wofintar da shi?

JIKIN NAN NA WANE NE?

Ka sani, samarinmu sun kasu kashi biyu game da jiki, kuma duka biyun sun kauce hanya. Kashi na farko su ne masu cewa jikina nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi. Wani ya mai da shi gunki, kullum yana gaban madubi yana auna ƙwanji don a gani a yaba. Wani kuwa ya mai da shi jaki, ya yi ta labta masa kaya, in ya yi kuka ya toshe masa baki da ƙwaya. Kashi na biyu su ne waɗansu masu son addini da suke zaton kula da jiki son duniya ne, wai ai abincin gara ne, me za a ɓata lokaci a kansa. Su waɗannan niyyarsu mai kyau ce, fahimtarsu ce ta gaza.

Gaskiyar magana ita ce jiki ajiya ce aka ba ka. Ba kai ka yi shi ba, ba ka saye shi ba, kuma za a karɓe shi ranar da ba ka zaɓa ba. Mai riƙon ajiya kuwa ba shi da ikon lalata ta, ba shi da ikon barin ta ta lalace. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi. Saurayi ne mai ƙarfi, ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana shi, ya nuna masa jikinsa yana da hakki a kansa, haka idonsa, haka iyalinsa. Abdullahi ya yi ta neman a ƙara masa domin yana jin ƙarfi, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da tsufa ya zo masa, sai ya riƙa fatan da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko.

To, ka duba. Idan ba a yarda a ci hakkin jiki saboda azumi da salla ba, yaya za a yarda a ci shi saboda zaman majalisa da latsa waya? Kuma ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa an halicci ɗan Adam a kan gaɓoɓi 360, kuma kowace gaɓa akwai sadakar da ake binta kowace rana. Abin da aka ƙidaya maka shi ɗaya bayan ɗaya, aka ce ka yi godiya a kansa, ba abin wasa ba ne.

ABIN DA ZAMA YAKE YI WA JIKI

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu duka motsi ce. Mutum ya tafi gona da ƙafa, ya yi huɗa, ya jawo guga, ya hau bishiya, ya zauna a tabarma ya tashi sau da yawa a yini. Samari su yi kokawa da langa a dandali. Kai fa? Ka dubi yininka da adalci. In ɗalibi ne kai, kana kan benci ka duƙufa. In tela ne, kana kan keke tun hantsi har dare. In ɗan acaɓa ne ko mai adaidaita sahu, ka ƙanƙame hannu a wuri ɗaya, ramukan hanya suna dukan ƙugunka. In direban babbar mota ne, ga Kano ga Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000 a zaune. In kuwa ba ka da aikin yi, to, kana bakin titi a kan benci, wuya a sunkuye, ido a kan waya.

Ba yau aka gane illar wannan ba. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya keɓe babi ga masu aiki a zaune irin su teloli da masu ɗinkin takalma, ya bayyana yadda bayansu yake tanƙwarewa, ya kuma ba su shawarar su riƙa motsa jiki. A 1953 kuma likita Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya suke ciki, amma direba yana zaune, kwandasta yana hawa da sauka a matakala yini guda. Sai aka samu ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya a duniya, kuma babu wata lalura da ta fi shi nakasa mutane ta hana su aiki.

Yaya abin yake faruwa? Jikinka yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600, kuma ɗabi'arsa ita ce ya saba da halin da ka fi barin sa a ciki. In ka daɗe a zaune, tsokar gaban ƙugu da ta bayan cinya suna zama a takure, ƙirji ya tsuke, kafaɗu su zubo gaba, tsokar ƙeya ta yi ta ɗaukar nauyin kan da ya rinjaya. Yau da gobe sai jiki ya ɗauka iyakarsa ke nan. Ranar da ka nemi ya wuce wannan iyaka sai ya ƙi. Sa'an nan guringuntsin da ke kan gaɓoɓi ba shi da jijiyar jini a cikinsa. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne yake sa wannan ruwa ya shiga ya fita, kamar yadda kake matsa soso a cikin ruwa. Gaɓar da ba ta motsi, ka ga ke nan ba ta samun rabonta yadda ya kamata. Haka tsokar sha-raɓa: duk sanda ta motsa tana tura jini daga ƙafa ya koma sama wajen zuciya. Shi ya sa ƙafar matafiyi take kumbura in ya daɗe a mota bai sauka ba.

AMFANIN MIƘA GA JIKI

Abin da muke nufi da miƙa a nan shi ne ka ja tsoka a hankali har ka ji ta ɗame, ka tsaya a nan na ɗan lokaci, sa'an nan ka sake ta. A cikin kowace tsoka Allah Ya sanya waɗansu 'yan ƙananan masu gadi da suke jin yadda ake jan ta. In ka fizge ta da ƙarfi, sai su aika wa lakar baya, nan take tsokar ta ƙanƙame don ta kare kanta. In kuwa ka ja ta sannu ka dakata, sai tsoron ya ragu ta saki. Masu bincike sun gano cewa a makonnin farko yawancin sassaucin da mutum yake samu daga nan yake zuwa, watau jijiyoyi ne suke sabawa su yarda a kai tsokar inda da ba su yarda ba. Ashe ko tsoka ma da lallashi ake shawo kanta.

Amfani na farko, wanda babu jayayya a kansa, shi ne gaɓoɓi suna ƙara buɗewa. Wanda ya lizimci miƙa na 'yan makonni zai ga ya fi iya sunkuyawa, da tsugunawa, da waiwaye, da ɗaga hannu. Na biyu, tana rage sagewar da dogon zama yake kawowa a wuya da kafaɗa da ƙugu. Na uku, tana taimakon masu daɗaɗɗen ciwon baya. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Siyatil ta Amurka a kan mutum 228 masu irin wannan ciwo. An raba su uku: waɗansu suka yi mako 12 suna ajin yoga, waɗansu suna ajin miƙa da motsa jiki na yau da kullum, waɗansu aka ba su littafi kawai su karanta a gida. Masu ajin nan biyu sun fi masu littafi samun sauƙin gudanar da ayyukansu, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin masu yoga da masu miƙa ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amfani na huɗu shi ne wanda ya fi damuna da kai. Saurayi ya yini yana aiki, jiki ya yi tsami, sai ya tsaya wajen mai kemis ko mai tallar magani a ce a haɗa masa na ciwon jiki. Yau haka, gobe haka. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen in aka mai da su abin kullum suna iya cin ciki su kawo gyambo, suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, kowa ya ga yadda ta mai da samari bayinta a garuruwanmu, kuma da yawa ba da niyyar maye suka fara ba, da niyyar kashe gajiya suka fara. Ba na ce miƙa tana maye gurbin magani ga mara lafiya ba. Amma ciwon da zama wuri ɗaya ya kawo, maganinsa na farko shi ne a tashi a motsa. Wanda ya bar wannan ya kama ƙwaya, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

AMFANINTA GA HANKALI

Jiki da zuciya maƙwabta ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ka lura da kanka ranar da ranka ya ɓaci ko bashi ya dame ka: kafaɗu sun ɗage, haƙora sun cije, numfashi ya gajarce. Jiki ne ya ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu, alhali babu abokin faɗan. In ka tsaya ka saki waɗannan tsokoki ɗaya bayan ɗaya, kana jan numfashi a hankali kana fitar da shi a hankali, bugun zuciya yana sassautawa, jiki ya samu labarin cewa babu tashin hankali. Sau da yawa sai ka ga tunanin da ya cunkushe ya fara warwarewa. Wannan hanya tana taimakon mai neman barci da dare fiye da kwanciya da waya a hannu.

Shari'a ba ta jahilci wannan alaƙa ba. Abu Dawuda ya ruwaito umurni ga wanda ya yi fushi yana tsaye da ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta. Ya kuma ruwaito, shi da Tirmizi, cewa wanda gyangyaɗi ya kama a masallaci ya tashi ya sauya wurin zama. Ka ga a wuri biyu an gyara halin zuciya ta hanyar sauya halin jiki. Saboda haka, ya kai ɗalibi, in ka ga ka karanta layi ɗaya sau uku bai shiga ba, ba kullum ne laifin ƙwaƙwalwa ba. Tashi ka miƙe, ka ɗaga hannuwa, ka taka nan da can minti biyu, ka dawo.

Akwai kuma wata tarbiyya a cikinta. Miƙa ba ta karɓar gaggawa. Ba za ka iya yin ta wata guda a rana ɗaya ba, kuma in ka bar ta makonni sai abin da ka tara ya zube. Ba ta da 'yan kallo, ba a tafa wa kowa a kanta. Saurayin da ya iya lizimtar abu kaɗan kullum ba don a gani ba, ya koyi darasin da zai yi masa amfani a hadda, da sana'a, da riƙon iyali.

KADA A ƘARA GISHIRI

Musulmi ba ya tallar abu da ƙarya ko da abin mai kyau ne. Saboda haka ga abin da miƙa ba ta yi. An daɗe ana cewa in ka yi miƙa kafin gudu ba za ka ji rauni ba. A shekarar 2000 an buga gwajin da aka yi a kan sababbin sojoji 1,538 a Ostareliya, waɗansu suna miƙa kafin atisaye waɗansu ba sa yi, ba a samu wani bambanci mai ƙarfi a yawan raunukansu ba. Haka a 2011 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje ta ga miƙa ba ta hana tsamin jikin da ke biyo bayan aiki mai tsanani, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hasali ma, in ka riƙe tsoka a ja fiye da minti guda dab da shiga fili, ƙarfinta yana ɗan raguwa na ɗan lokaci. Abin da ya fi kafin ƙwallo shi ne ɗumama jiki da sassarfa da wurga ƙafafu, a bar doguwar miƙa sai an tashi.

Kuma miƙa ita kaɗai ba ta isa ba. Ba ta ƙone kitse, ba ta maye gurbin tafiya. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, da kwana biyu ko fiye na aikin ƙarfafa tsoka. Miƙa ƙofa ce ta shiga wannan gida. Haka nan wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ya daina cin abinci da barci, wannan ya nemi likita, kada a ce masa ya je ya yi miƙa.

SHUBUHA UKU DA AMSOSHINSU

Ta farko: wani zai ce, ai salla ta ishe ni motsa jiki. Amsa: lalle a salloli biyar akwai raka'a 17, ruku'u 17, sujada 34, kuma babu shakka jiki yana amfana. Amma ka kiyayi wannan magana ta fuska biyu. Salla ibada ce, don Allah ake yin ta. Wanda ya tsaya a sahu da niyyar warware gajiya ya ɓata niyyarsa. Sa'an nan ka juya maganar: salla ce take da hakki a kan jikinka, ka kawo mata jikin da zai iya ta. Ana son baya ya shimfiɗu a ruku'u, a natsu a sujada, a zauna a kan ƙafar hagu a kafe ta dama. Malik a cikin Muwaɗɗa da Buhari sun kawo cewa ɗan Abdullahi ɗan Umar ya ga mahaifinsa yana zaman harɗe a salla, sai ya kwaikwaye shi, alhali yana yaro. Mahaifin ya hana shi, ya koya masa zaman sunna. Da yaron ya ce ai kai ma haka kake yi, sai ya gaya masa shi ƙafafunsa ne ba sa ɗaukarsa. Ka ga uzuri na mai uzuri ne. Tsoho da majinyacin da suke salla a zaune ko a kujera babu laifi a kansu ko kaɗan, Allah Ya yi musu sauƙi, kuma ciwo yana zuwa ma wanda ya fi kowa kula. Amma ɗan shekara 25 da ya kasa zaman tahiya saboda idon sawunsa ya sage don rashin motsi, ya tambayi kansa, uzurin nan daga Allah ne ko shi ya saƙa shi da hannunsa?

Ta biyu: wani zai ce, wannan ai koyi da Turawa ne, ko masu yoga. Amsa: jariri yana miƙa tun yana cikin mahaifiyarsa, wa ya koya masa? Miƙa ba ta wata al'umma ba ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan motsa jiki a littafinsa Al-Ƙanun. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi magana a kansa a Zadul Ma'ad, ya yabi matsakaicinsa, ya nuna lokacinsa shi ne bayan abinci ya narke. Mutanen Japan kuwa tun 1928 suka fara motsa jiki na safe da ake jagoranta ta rediyo, yara da ma'aikata da tsofaffi. Abu mai amfani irin na duniya, asalinsa halal ne ko a hannun wa ka gan shi. Yoga ta fito daga Indiya, kuma a asalinta tana haɗe da aƙidu da ibadun mutanenta. Abin da ya shafi ibadarsu nasu ne, Musulmi ba ya shiga. Kuma ka tuna gwajin Siyatil: miƙa zalla ta ba da irin sauƙin da yoga ta bayar. Ba ka rasa kome ba.

Ta uku: wani zai ce, lafiya da ciwo ai ƙaddara ne. Amsa: haka ne, kuma ƙoshi da yunwa ma ƙaddara ne, amma ban ga ka bar cin tuwo ba. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai barin sababi yana kiran abin tawakkali, lalaci ne ya sanya wa rawani.

YADDA ZA KA YI

Ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka, ACSM, a jagorarta ta 2011 ta ce a yi miƙa aƙalla kwana 2 zuwa 3 a mako, kullum kuwa ya fi. A riƙe kowace sakan 10 zuwa 30, a maimaita sau 2 zuwa 4, har kowace tsoka ta samu kimanin sakan 60. Kada ka fara da jiki a sanyaye, musamman lokacin hunturu. Ka taka da sauri minti biyar tukuna. Dawowa daga masallaci da ƙafa ta wadatar.

1. Wuya: ka zauna sosai, ka karkata kunne zuwa kafaɗa a hankali, dama sa'an nan hagu. Kada ka murɗa shi don ya yi ƙara.

2. Ƙirji da kafaɗa: ka tsaya a bakin ƙofa, ka dafa gefenta biyu da hannuwa, ka tura ƙirji gaba kaɗan.

3. Bayan cinya: ka ɗora diddige a kan dakali ko ƙaramar kujera, gwiwa a miƙe, ka rusuna daga ƙugu, baya a miƙe.

4. Gaban ƙugu: ka sa gwiwa ɗaya a tabarma, ɗaya ƙafar a gaba, ka matsa ƙugu gaba. Wannan ta masu tuƙi da teloli ce.

5. Gaban cinya: ka dafa bango, ka kamo idon sawu ta baya, ka jawo diddige zuwa mazaunai.

6. Sha-raɓa: ka dafa bango da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya, diddigenta a ƙasa, ka jingina gaba.

7. Ƙasan baya: ka kwanta rigingine, ka rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji.

Duka wannan bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. In aikinka na zama ne, kada awa guda ta wuce ba ka miƙe tsaye ba.

Ga kuma gargaɗi. Ka tsaya inda ka ji ja, kada ka kai inda ka ji zafi. Kada ka yi ta fizga, kada ka riƙe numfashi. Da farkawa daga barci kada ka matsa wa kanka da sunkuyo mai tsanani, domin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa da dare su cika, har mutum yakan fi tsawo da safe da santimita 1 ko fiye, kuma a wannan lokaci sunkuyo ya fi yi musu nauyi. Ka bar al'adar nan ta kwantawa a ce wa wani ya hau ya taka baya. Kada ka ja wurin da ya yi sabon targaɗe ko karaya. In ciwon baya yana sauka ƙafa tare da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to, asibiti nan take. Haka in sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiya, kada ka ja ta, kada a yi mata tausa, domin yana iya zama gudan jini ne, kuma in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa.

LADUBBA DA KAMMALAWA

Ka suturta al'aurarka, daga cibiya zuwa gwiwa, ko a fili ko a gida gaban mutane. Kada wasa ya ci maka lokacin salla. Kada ka mai da abin gasa ko abin ɗaukar hoto. Kuma kada ka ƙirƙira masa wani zikiri ko adadi ka ce addini ne. Al'ada ce mai amfani, ta tsaya a matsayinta. Abin da zai sa ka samu lada a kanta shi ne niyya: ka nufi kiyaye ajiyar da aka ba ka, da samun ƙarfin ibada da neman halal.

Ya ɗan'uwana, ka yi tunanin abin da ke gabanka in Allah Ya ba ka tsawon rai. Akwai iyaye da za su tsufa su buƙaci wanda zai ɗaga su ya kwantar. Akwai 'ya'ya da za a ciyar da gumin wannan jiki. Akwai aikin Hajji, inda sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, kuma yawancin mutanenmu sai sun manyanta suke samun hali. Akwai tsayuwar dare a goman ƙarshe na Ramadan. Duk waɗannan da wannan gwiwa da wannan baya za ka yi su, ba za a ba ka waɗansu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka kada ka ce sai ka sayi takalmi ko sai ka samu abokin yi. Tabarma da bango sun ishe ka. Ka fara yau da minti goma, ka dawwama a kai, ka koya wa ƙannenka da abokan sana'arka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu mayar da ajiyarSa muna waɗanda suka riƙe amana. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.